Man fetur, wasanni, launuka, kiɗa da jaruman Ireland: yadda ake riƙe amsoshin kacici-kacici

"Assalamu alaikum Malam. An zaɓe ni cikin waɗanda za su shiga gasar kacici-kacici ta sanin duniya. An ce tambayoyin za su fito daga fanni biyar: man fetur, wasanni, launuka, kiɗa, da jaruman fim 'yan ƙasar Ireland. Na tara tambayoyi da amsoshi masu yawa ina hadda, amma bayan kwana biyu sai su cakuɗe mini. Wani abin kuma, tambaya ɗaya sai in tarar da amsa biyu a wurare daban-daban. Yaya zan yi in riƙe su, kuma wace amsa zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Matsala biyu ka kawo, ta mantuwa da ta saɓanin amsoshi, amma a ganina tushensu ɗaya ne. Kana haddace amsa ba tare da labarin da ya haife ta ba. Amsar da ba ta da labari ba ta da abin da za ta maƙale da shi a ƙwaƙwalwa, shi ya sa take zamewa. Rashin labarin ne kuma yake hana ka gane cewa amsoshi biyun da kake gani sau da yawa dukkansu daidai ne, tambayoyin ne suka ɗan bambanta.

Na daɗe ina tsara tambayoyin irin wannan gasa ina kuma horar da masu shiga, kuma abu na farko da nake gaya wa ɗalibi shi ne ya raba tambayoyinsa gida uku. Akwai waɗanda amsarsu ba ta motsi har abada, kamar shekarar da aka kafa wata ƙungiya. Akwai waɗanda amsarsu take canjawa da shekara, kamar wanda ya fi kowa cin ƙwallo. Akwai kuma waɗanda kalma ɗaya a cikin tambayar take juya amsar gaba ɗaya. Rukuni na uku shi ne yake kayar da masu ƙoƙari, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Man fetur

Nan ne kalma ɗaya ta fi yin ɓarna. Idan aka ce wace ƙasa ce ta fi kowa arzikin mai kwance a ƙarƙashin ƙasa, amsar Venezuela ce, mai kimanin ganga biliyan 300. Idan aka ce wace ce ta fi haƙowa a kullum, Amurka ce, tun daga 2018. Idan kuma aka ce wace ce ta fi fitar da ɗanyen mai zuwa kasuwar duniya, sai ka ce Saudiyya. Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. Yawancin man Venezuela mai kauri ne ƙwarai, haƙo shi da tace shi na da tsada. Amurka tana haƙowa da yawa amma tana shanye kaso mai tsoka a cikin gida. Saudiyya kuwa mutanenta ba su kai yawan man da take haƙowa ba, sai ta sayar da mafi yawa. Wanda ya fahimci wannan ba zai sake haɗa ukun ba, ko da an tashe shi daga barci.

Haka tambayar rijiyar mai ta farko. Amsar da masu gasa suka saba nema ita ce rijiyar Edwin Drake a Titusville ta jihar Pennsylvania, 1859, mai zurfin kusan mita 21. Amma an haƙa rijiyar mai kusa da Baku, a ƙasar da yau ake kira Azarbaijan, tun 1846, an kuma haƙa wata a Ontario ta Kanada a 1858. Ta Drake ta yi suna ne saboda ita ce ta jawo rububin haƙar mai har ya zama babbar sana'a. Daga wancan rububin ne aka gaji awon ganga. A lokacin cikin gangunan katako ake zuba mai, sai masu haƙa suka tsaya a kan galan 42 na Amurka, wato kusan lita 159. Yau bututu da jiragen ruwa ke ɗaukar mai, amma lissafin ganga bai canja ba.

Ƙungiyar OPEC, ta ƙasashe masu fitar da man fetur, an kafa ta a Bagadaza cikin Satumban 1960, ƙasashe biyar suka kafa ta: Iran, Iraƙi, Kuwaiti, Saudiyya da Venezuela. Ka riƙe su da cewa huɗu maƙwabtan juna ne a yankin Gulf, ɗaya ce ta taho daga Kudancin Amurka. Hedikwatarta tana Vienna, babban birnin Ostiriya, tun 1965, bayan ta fara zama a Geneva, alhali Ostiriya ba mamba ba ce. Najeriya ta shiga a 1971. Tambayar da nake gargaɗin ɗalibai a kanta ita ce yawan mambobi, domin ba ya zama wuri ɗaya: Katar ta fita a 2019, Ekwado a 2020, Angola a farkon 2024. Tsohon littafi zai ba ka adadin da ya riga ya wuce.

Sunan Brent, ɗanyen man da ake auna farashin duniya da shi, daga wani filin mai ne a Tekun Arewa, shi kuma filin kamfanin Shell ya raɗa masa sunan wata dinyar ruwa, domin al'adarsu ce sa wa filayensu na can sunayen tsuntsaye.

Inda wasanni da launuka suka haɗu

Ba na koyar da waɗannan fannoni biyu a rarrabe, domin mafi daɗin tambayoyinsu a tsakiya suke. Ɗauki katin gargaɗi da jan kati. A gasar cin kofin duniya ta 1966, a wasan Ingila da Ajantina a filin Wembley, alƙalin wasa Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín. Ba su jin yaren juna, Rattín ya ƙi fita, wasa ya tsaya na tsawon mintuna. Ken Aston, Baturen Ingila da ke kula da alƙalan gasar, ya yi ta tunanin hanyar da kowa zai gane hukunci ba sai an yi magana ba, har fitilun kan titi suka ba shi dabara: rawaya ka yi hattara, ja ka tsaya. An fara amfani da katunan a gasar 1970 a Mekziko. Ga tarkon: a duk gasar 1970 ba a ɗaga wa kowa jan kati ba. Wanda aka fara nuna wa ja a gasar kofin duniya shi ne Carlos Caszely na Chile, a 1974, a wasansu da Jamus ta Yamma. Ka ga "yaushe aka fara amfani da kati" daban, "wa aka fara ba jan kati" daban.

Zobban Olamfik biyar ne: shuɗi, baƙi da ja a sama, rawaya da kore a ƙasa, a kan farin ƙyalle. Pierre de Coubertin ya zana su a 1913, aka fara ɗaga tutar a wasannin Antwerp na 1920. Za ka ga ana cewa kowane launi nahiya guda yake wakilta, baƙi Afirka, rawaya Asiya, da sauransu. Zobban a haɗe suna nufin nahiyoyi biyar, wannan gaskiya ne, amma a yau kwamitin Olamfik ba ya ware wa kowace nahiya launi. Manufar Coubertin ita ce launuka shidan, har da farin, su ƙunshi launukan tutocin ƙasashen da ke shiga a wancan lokaci. Saboda haka idan aka ce launi nawa ne a tutar, ka ce shida. Idan aka ce zobe nawa, biyar.

Rigar da jagoran tseren keke na Tour de France yake sawa rawaya ce tun 1919, kuma bayanin da aka fi sani shi ne jaridar L'Auto da ta shirya tseren a kan takarda rawaya ake buga ta. Na Italiya, Giro, rigarsa ruwan hoda ce, domin jaridar La Gazzetta dello Sport a kan takarda ruwan hoda take fitowa. Dalili ɗaya ya ba ka amsa biyu. Ƙwallon tanis ma da fara ce, aka koma rawaya domin ta fi fitowa a talabijin. Gasar Wimbledon ba ta bi sahu ba sai 1986.

Tsawon gudun famfalaƙi kilomita 42 ne da mita 195. Wannan ɗan ragowar daga wasannin Landan na 1908 ya samo asali, inda aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a gaban rumfar gidan sarauta a filin wasa. Sai a 1921 aka mayar da shi doka.

Sauran na ƙwallon ƙafa ka san su fiye da ni wataƙila, amma ka riƙa liƙa musu shekara. Gasar kofin duniya ta farko 1930 a Uruguay, mai masauki ta doke Ajantina 4 da 2, wannan ba ya motsi. Zuwa ƙarshen gasar 2022 Brazil na da kofi biyar, Jamus da Italiya huɗu-huɗu, Ajantina uku, Miroslav Klose na Jamus kuma shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da ƙwallo 16. Irin waɗannan kowace sabuwar gasa tana iya taɓa su, sai ka duba na baya-bayan nan kafin ranar. Ƙwallo 13 da Just Fontaine na Faransa ya ci a 1958 kuwa a gasa ɗaya ne, kada ka haɗa shi da na Klose da ya tara a gasa huɗu.

Launuka su kaɗai, da kiɗa

Tambayar "launuka na asali" tana da amsa uku, kuma kowacce tana da gidanta. A haske, kamar allon waya da talabijin, ja ne da kore da shuɗi. A injin ɗab'i, shuɗi mai haske ne da ja mai ratsin shunayya da rawaya, a ƙara baƙi. A ajin zane kuma an saba koyar da ja, rawaya da shuɗi. Haske idan ka haɗa launukansa fari kake samu, fenti kuwa idan ka yi ta haɗawa duhu yake yi, domin kowane fenti yana shanye wani ɓangare na hasken. Ka saurari tambayar da kyau ka ji ko an ambaci haske ko fenti. Idan ba a ambata ba, yawancin masu tsarawa na ajin zane suke nufi.

Bakan gizo launi bakwai ake cewa, amma a zahiri launukan shiga juna suke yi babu iyaka a tsakani. Isaac Newton ne ya tsayar da bakwai. Da farko biyar ya lissafa, daga baya ya ƙara ruwan lemo da shuɗi mai duhu irin na baba, domin adadin ya dace da muryoyi bakwai na ma'aunin kiɗan Turai. Wannan labarin shi zai shigar da kai fannin kiɗa kai tsaye. Muryoyin nan bakwai su ne fararen madannan fiyano, a tsakaninsu akwai baƙaƙe biyar, rukunin goma sha biyu ke nan yana maimaituwa. Fiyano na da irin wannan rukuni bakwai cikakku, da ragowar madanni huɗu, uku farare ɗaya baƙi. Yi lissafin da kanka: bakwai sau bakwai 49, a ƙara uku, farare 52, biyar sau bakwai 35, a ƙara ɗaya, baƙaƙe 36, jimla 88. Ɗalibin da na sa ya zana wannan a takarda da hannunsa ba ya sake tambayata adadin. Wanda ya ƙirƙiro fiyano Bartolomeo Cristofori ne, a Florence ta Italiya, wajen shekarar 1700.

Launin shunayya yana da nasa labarin da ake yawan tambaya. A zamanin da daga wani dodon koɗi na tekun Bahar Rum ake tatso shi, sai an tara dubbai kafin a rina ɗan ƙyalle, shi ya sa ya zama launin sarakuna. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar kwal, sai ya samu rini mai launin shunayya. Daga nan masana'antar rinin zamani ta tashi, kuma yawancin rinin yau daga sinadaran man fetur ake yin su. Faifan garmaho na roba, wanda ya yaɗu bayan 1948, shi ma daga sinadaran mai ake samun robarsa.

Saksofon da tagulla ake ƙera shi, amma masana kiɗa suna sa shi cikin kayan busa na itace, saboda siririn ɓawon kara da ke bakinsa shi ne yake kaɗawa ya ba da sauti. Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi masa rajista a 1846. Jita tsirkiya shida, goge na Turawa huɗu. Beethoven an haife shi a Bonn a 1770, ya rasu a Vienna a 1827, ya bar manyan kaɗe-kaɗen simfoni tara, na ƙarshen ya tsara shi ne bayan ya kurumce. Kundin waƙoƙin da aka fi sayarwa a tarihi shi ne Thriller na Michael Jackson, 1982. Fannin kiɗa faɗi gare shi ƙwarai, don haka ka tambayi masu shirya gasar ko kayan kiɗa suke nufi ko mawaƙan zamani. Hakan zai rage maka rabin wahala.

Jaruman Ireland

Wannan fannin ne na san ya fi ba ka tsoro, domin sunayen baƙi ne. Amma kusan duk tambayoyinsa a kan abu ɗaya suke juyawa: wane ne ɗan Ireland? Tsibirin kashi biyu ne. Kudu ta balle daga Birtaniya a 1922, ita ce Jamhuriyar Ireland ta yau mai babban birni Dublin. Gundumomi shida na arewa suka zauna cikin Birtaniya, babban birninsu Belfast. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta ba mutanen arewa damar zama 'yan Ireland, ko 'yan Birtaniya, ko duka biyun. Ga kuma tarihin ƙaura mai tsawo, wanda ya sa da yawa aka haife su a waje.

Da wannan a zuciyarka, duba yadda sunayen suke zama. Liam Neeson, na fim ɗin Schindler's List, haifaffen Ballymena ne a arewa. Saoirse Ronan a New York aka haife ta, ta girma a Ireland. Michael Fassbender a Heidelberg ta Jamus, ya tashi a Killarney. Daniel Day-Lewis haifaffen Landan ne mai takardar zama ɗan Ireland, kuma shi ne ya ci kyautar Oscar ta babban jarumi har sau uku, da My Left Foot, da There Will Be Blood, da Lincoln. Cillian Murphy, ɗan Cork, ya ci tasa da Oppenheimer. To idan aka ce wane ne haifaffen Ireland na farko da ya ci kyautar babban jarumi, Murphy ne. Idan aka cire kalmar "haifaffe" aka ce mai ɗan ƙasancin Ireland, Day-Lewis ya riga shi shiga lissafi. Idan kuma aka ce kyautar wasan kwaikwayo kawai, har da ta mataimaki, sai a koma baya can ga Barry Fitzgerald na Dublin, da fim ɗin Going My Way na 1944, wanda aka sa sunansa a rukunin babban jarumi da na mataimaki a kan rawa ɗaya. A mata, Brenda Fricker ce ta fara ci, a matsayin mataimakiya, a My Left Foot ɗin nan, inda ta fito uwar Day-Lewis.

Wani tarkon shi ne shekara. Oppenheimer ya fito a 2023, an ba da kyautar a Maris ɗin 2024. My Left Foot na 1989 ne, kyautarsa ta 1990. Kusan duk lokacin da ka ga amsa biyu masu tazarar shekara ɗaya a kan Oscar, wannan ne dalili.

Dumbledore na finafinan Harry Potter mutum biyu suka yi shi a manyan finafinan takwas, kuma dukansu haifaffun Ireland ne: Richard Harris ɗan Limerick a biyun farko, da ya rasu a 2002 sai Michael Gambon haifaffen Dublin ya karɓa. Pierce Brosnan, haifaffen Drogheda, ya fito James Bond sau huɗu daga 1995 zuwa 2002. Ka lura da yadda fannoninka suke komowa kan juna. There Will Be Blood labarin mai haƙar mai ne a California. Fim ɗin Bond na 1999, The World Is Not Enough, a kan bututun mai yake, kuma wani sashensa a Baku, garin rijiyar 1846. Tutar Ireland kore ce da fari da ruwan lemo, koren a jikin sanda. Ta Kodebuwa launukan ne dai amma a juye, ruwan lemo a jikin sanda, kuma masu gasa na son wannan tambaya. Alamar ƙasar Ireland kayan kiɗa ne, garaya mai tsirkiya da yawa, tana kan kuɗinsu na yuro. A gasar waƙa ta Eurovision sun ci sau bakwai, uku a jere daga 1992 zuwa 1994, sai a 2023 Sweden ta kamo su.

Iyakar wannan hanya

Ba kowace amsa ce take da labari ba. Daƙiƙa 9.58 da Usain Bolt ya yi a mita 100 a Berlin a 2009 lamba ce kawai, sai hadda. Irin waɗannan nakan sa ɗalibi ya rubuta tambaya a gaban ƙaramar takarda, amsa a bayanta, ya gwada kansa yau, ya sake gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. Wadda ya ci ya ajiye ta gefe, wadda ya faɗi ta dawo sahun gaba. Karanta amsa sau goma bai kai ƙoƙarin tuno ta sau ɗaya amfani ba, kuma ina zaton karantawar ce kake yi yanzu, shi ya sa suke cakuɗewa. Ka samu wanda zai riƙa jefa maka tambayoyin da baki, a gauraye, domin a ranar gasa da kunne za ka ji su, kuma ba za su zo a jere fanni-fanni ba.

Hanyar labari tana cin lokaci. Idan mako ɗaya ya rage maka, ba za ka bi asalin komai ba. Ka zaɓi tambayoyin da ka tarar da amsa biyu a kansu, su kaɗai ka bincika, sauran ka bar wa takardun gwaji.

Sannan a ranar gasa, abin da ke rubuce a takardar alƙali shi ake ba maki, ko da ka fi shi sanin zancen. Idan tambaya ta zo a buɗe, ka ba da amsar da aka fi sani, ka ɗaura mata sharaɗinta a taƙaice: "Drake, 1859, a Amurka", ko "Murphy, in haifaffen ƙasar ake nufi". Alƙali ya ji amsar da yake nema, kai kuma ba ka faɗi abin da ba daidai ba. Idan dokar gasar ta yarda a nemi maimaita tambaya, ka nema duk lokacin da ka ji "na farko", "mafi yawa" ko "mafi girma", ka kasa kunne ga kalmar da ta biyo baya kafin ka buɗe baki.